Florence Nightingale: Matar Da Ta Gyara Asibitin Soja

Ran 12 ga watan Mayu na kowace shekara ma'aikatan jinya na ƙasashen duniya sukan yi bikin ranarsu. An zaɓi wannan rana ne domin ita ce ranar haihuwar wata Baturiyar Ingila mai suna Florence Nightingale, wadda ta rasu tun a shekarar 1910. Yawancin waɗanda suka ji labarinta a makaranta abu guda suka riƙe, watau mace mai tausayi tana zagaya gadajen sojoji da dare, riƙe da fitila. Wannan ya faru, babu shakka. Amma wanda ya bi tarihinta a tsanake zai tarar cewa aikin da ya ceci rayuka masu yawa ta yi shi ne da alƙalami, da littafin sito, da lissafin matattu, da kuma doguwar jayayya da manyan jami'an Gwamnati waɗanda suka fi tsoron saɓa ƙa'idar ofis a kan mutuwar mutanen da aka ba su amana.

Asalinta da tasowarta

An haife ta ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, shi ya sa aka sa mata sunan birnin. Mahaifinta, William Nightingale, attajiri ne mai gidaje biyu a karkarar Ingila, ɗaya ana kiransa Lea Hurst, ɗaya kuma Embley. 'Ya'yansa biyu ne kawai, dukansu mata, kuma shi da kansa ya karantar da su harsunan Girka da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, da tarihi da falsafa. Florence ta fi ƙwazo wajen lissafi, ilmin da mutanen zamanin suke ganin bai kamaci 'ya mace ba.

Abin da ake bukata ga budurwa irinta shi ne ta iya karɓar baƙi, ta auri mai hali, ta zauna. Ita kuwa tun a watan Fabrairu na 1837, tana da shekara 16, ta ƙudurta a ranta cewa Allah ya kira ta ga wata hidima, ko da yake ta daɗe ba ta gane wace iri ba ce. Da ta bayyana wa iyayenta a 1845 cewa tana so ta koyi jinya a asibitin garin Salisbury, sai gidan ya rikice. Ba a ga laifin iyayen sosai ba, domin a wancan zamani asibiti wurin matalauta ne, mai hali a gida ake jinyarsa. Matan da ke aiki a ciki kuwa ba su da horo, albashinsu kaɗan ne, kuma an san da yawansu da shan giya.

Hanin bai sa ta saduda ba. Ta riƙa tara rahotannin asibitoci da na lafiyar jama'a tana nazarinsu a ɓoye tun da asuba. Ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, wani ɗan Majalisa da ya yi shekaru yana nemanta, don kada aure ya tare mata hanya. Ta yi tafiya zuwa Masar da Girka, a kan hanyar komowa a 1850 ta biya ta Kaiserswerth a ƙasar Jamus, inda wani limamin Kirista, Theodor Fliedner, yake horar da mata aikin jinya. A 1851 ta koma can ta yi 'yan watanni tana koyo. Daga bisani mahaifinta ya sauko, ya yanka mata fam 500 a shekara, a watan Agusta na 1853 kuma ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a Titin Harley da ke Landan. A nan aka fara ganin irin baiwarta. Ta sa aka ja ruwan zafi zuwa benaye, aka kafa ƙararrawar kiran mai jinya, ta rage kuɗin cefane, ta kuma tsaya kai da fata sai an karɓi majinyata ba tare da duban ɗariƙarsu ba.

Yaƙin Kirimiya

A watan Oktoba na 1853 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ingila da Faransa, saboda gudun kada Rasha ta faɗaɗa ikonta zuwa Bahar Rum, suka shiga yaƙin a ɓangaren Sarkin Musulmi Abdulmajid a watan Maris na 1854. A watan Satumba rundunoninsu suka sauka a Kirimiya, a gaɓar Bahar Aswad, da nufin kame sansanin jiragen ruwan Rasha da ke Sebastopol.

Ingila ta yi kusan shekara 40 ba ta yi babban yaƙi a Turai ba, tsarin kula da sojojinta kuwa ya ruɓe ba a sani ba. Bayan gumurzun Alma ran 20 ga Satumba, wakilan jaridar The Times suka aiko da rahoto cewa sojojin da suka yi rauni suna mutuwa babu bandeji, babu isassun likitoci, babu masu jinya, alhali kuwa Faransawa suna da matan coci da ke kula da nasu. Jama'a suka fusata. Sidney Herbert, Sakataren Yaƙi, wanda ya san Florence tun haɗuwarsu a birnin Rum a 1847, ya rubuta mata takarda ran 15 ga Oktoba yana roƙonta ta ja ayarin mata zuwa asibitin sojan da ke Turkiyya. Ashe ita ma ta riga ta aika da tata takardar neman tafiya, takardun suka yi saɓani a hanya.

Cikin kwana shida ta haɗa mata 38. Wasunsu matan cocin Katolika ne, wasu na cocin Ingila, sauran kuma ma'aikatan asibitoci ne. Suka bar Landan ran 21 ga Oktoba, suka ratsa Faransa, suka shiga jirgin ruwa a Marseille, suka isa Santambul ran 4 ga Nuwamba, 1854. Kafin wannan lokaci rundunar Ingila ba ta taɓa tura ayarin mata masu jinya zuwa asibitin yaƙi a ƙasar waje da izinin Gwamnati ba. Herbert ya sani, ita ma ta sani, in gwajin ya lalace to an rufe wa mata wannan ƙofa har wani zamani mai nisa.

Abin da ta tarar a Scutari

Asibitin ba a bakin daga yake ba. Yana Scutari, wadda Turkawa ke kira Uskudar, a tsallaken ruwa daura da Santambul, wajen mil 300 daga Kirimiya ta teku. Sai an loda majinyata a jirgi kamar kaya, su yi kwanaki a kan ruwa, wasu su mutu a hanya, sa'an nan a hau da sauran tudu zuwa wani ƙaton barikin Turkawa mai suna Selimiye da aka mai da asibiti. Layin shimfiɗun majinyata a cikinsa ya kai tsawon mil huɗu, kuma a tsakiyar hunturu mutum fiye da 2,000 ne ke kwance a ciki. A ƙarƙashin ginin akwai magudanan ƙazanta da suka toshe, iska tana turo warinsu cikin ɗakuna. Masai ya cika ya tumbatsa. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga ƙuma.

Likitocin soja ba su yi maraba da matan ba, sun ɗauke su 'yan leƙen asirin 'yan siyasa. Florence ta fahimci haka, sai ta hana matanta shiga ɗakin majinyata ko ba da ko cokali guda na abinci sai likita ya nema. Suka zauna suna ɗinkin katifu da shirya bandeji suna jin nishin marasa lafiya, har wasu daga cikinsu suka zarge ta da taurin zuciya. Haƙurin bai daɗe ba ya biya. Kashegarin isowarsu aka gwabza a Inkerman, ba da jimawa ba jiragen ruwa suka fara sauke ɗaruruwan masu rauni da masu atuni. Ran 14 ga Nuwamba kuma wata guguwa ta nutsar da jirage da dama a bakin Balaklaba, cikinsu har da Prince wanda ya ɗauko tufafin sanyi da magunguna. Aiki ya fi ƙarfin likitoci, dole suka nemi hannun kowa.

A nan ta gano cewa babbar cutar asibitin tana cikin ofisoshinsa. An raba aikin ciyarwa da tufatarwa da magani tsakanin sassa dabam-dabam, kowane sashe yana da takardunsa, babu mai taɓa aikin wani. Doka ta ce soja ya zo asibiti da rigarsa da cokalinsa da ke cikin jakarsa. Amma an umarci sojojin su bar jakunkunansu a jirgi ran da suka sauka Kirimiya, don haka suka iso hannu rabbana, mai kula da sito kuwa ya ƙi ba su, domin ba ya cikin abin da doka ta ce ya bayar. Dubban riguna suka iso daga Ingila suka yi makonni a ɗaure, ana jiran wani kwamiti ya zauna ya duba su, mutane kuwa suna rawar ɗari. Jami'in da ya kashe kuɗi ba da izini ba ana iya cirewa daga albashinsa, saboda haka kowa ya gwammace ya kame hannunsa.

Florence tana da abin da jami'an ba su da shi: kuɗin da ba sai ta jira sa hannun kowa ba. Akwai nata, akwai gudummawar jama'a, akwai kuma asusun da jaridar The Times ta tara. Abu na farko da ta saya shi ne buroshi 200 na goge daɓe. Ta kama hayar gida ta sa aka kafa tukwanen tafasa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki. Ta buɗe ɗakin girki na musamman domin waɗanda cikinsu ba ya karɓar dafaffen naman da ake rabawa, ana yi musu romo da kunu. Ta riƙa sayo riguna, safa, cokula, kwanuka, tawul da sabulu a kasuwannin Santambul, kuma ba ta fitar da ko ɗaya sai da takardar likita, tana rubuta komai. Da aka ce ga ƙarin majinyata ɗaruruwa suna tafe, ta ɗauki leburori 200 da kuɗinta suka gyara wani sashen barikin da gobara ta lalata, daga baya Gwamnati ta biya ta. Ta sa aka riƙa kafa labule in za a yanke wa mutum ƙafa ko hannu, don kada na kusa da shi ya ga abin da ke jiransa.

Da ƙarfe takwas na dare ya wuce ba ta yarda wata mace ta zauna a ɗakin majinyata ba, don kare mutuncin ayarin. Ita kaɗai ke zagayawa da wata fitilar Turkawa mai naɗewa, daga nan ne laƙabinta na Mai Fitila ya samo asali. In ta koma ɗakinta sai ta zauna rubutu. Takan rubuta wa iyaye da matan waɗanda suka mutu, ta kuma aika wa Herbert dogayen wasiƙu tana zayyana masa inda tsarin ya karye da yadda za a gyara shi.

Rikici a cikin gida

Shugabancinta bai tafi sumul ba. Ta sallami wasu daga cikin matan saboda shaye-shaye ko rashin iya aiki. A watan Disamba na 1854 wata ƙawarta, Mary Stanley, ta iso da ƙarin mata fiye da 40 ba da saninta ba, cikinsu har da matan cocin Katolika daga Ailan waɗanda shugabarsu ta ƙi yarda ta zauna ƙarƙashinta. A Ingila wasu suka zarge ta da fifita Katolika, wasu kuma da ƙin su. Babban likitan rundunar, Dokta John Hall, wanda ya riga ya aika da rahoto cewa asibitin Scutari yana cikin kyakkyawan hali, ya tsaya a kan cewa takardar naɗinta Turkiyya ta ambata, saboda haka ba ta da iko a asibitocin Kirimiya. Sai a watan Maris na 1856 aka fitar da umarnin soja da ya tabbatar da ita shugabar dukan mata masu jinya na rundunar. Ita ma ba mai sauƙin hali ba ce. Tana da kaifin harshe, ba ta ɗaukar uzuri, kuma ba ta cika yabon abokan aikinta ba.

Ya kamata a ambaci cewa ba ita kaɗai ta yi wa sojojin hidima ba. Mary Seacole, wata mace 'yar Jamaika mai jinin Afirka, wadda ta ƙware wajen jinyar masu kwalara, ta nemi a tura ta aka ƙi, sai ta tafi da kuɗinta ta kafa masauki kusa da Balaklaba, tana sayar da abinci tana kuma kula da marasa lafiya har kusa da bakin daga. A ɓangaren Rasha ma akwai mata masu jinya da suka yi aiki cikin Sebastopol ƙarƙashin likita Nikolai Pirogov, harsasai suna sauka a kansu.

Hunturun mutuwa

Duk da wanki da abinci da riguna, mutuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. A hunturun farko sojoji 4,077 suka mutu a Scutari, kuma waɗanda atuni da kwalara da zazzaɓin taifot da zazzaɓin ƙwarƙwata suka kashe sun ninka waɗanda rauni ya kashe wajen sau goma. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane majinyaci 100 kimanin 42 ne suka mutu. Labarin wannan bala'i ya kai ga faɗuwar Gwamnatin Lord Aberdeen a ƙarshen Janairu, sabuwar Gwamnatin Lord Palmerston kuma ta aiko da Hukumar Tsafta, wadda ta ƙunshi Dokta John Sutherland da Dokta Hector Gavin da injiniya Robert Rawlinson, aka ba su ikon aikatawa nan take.

Sun iso a watan Maris. Suka sa aka yashe magudanai aka wanke su, aka huda tagogi da rufi don iska ta ratsa, aka shafe bango da farar ƙasa, aka kwashe ɗaruruwan amalanken shara, aka kuma fitar da mushen doki daga hanyar ruwan da asibitin ke sha. A daidai lokacin wani shahararren kuku Bafaranshe, Alexis Soyer, ya zo ya gyara ɗakin girki. Kafin watan Yuni mace-mace sun sauko zuwa kimanin 2 cikin 100. Shigowar bazara da raguwar cunkoso da kyautatuwar abinci a bakin daga duk sun taimaka, amma gyaran magudanai da ruwa da iska shi ne babban abin da ya sauya a cikin ginin kansa.

A watan Mayu na 1855 Florence ta ƙetara zuwa Kirimiya don duba asibitocin can, sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita har aka fid da rai. Likitocin zamanin nan da yawa suna ganin cutar nan ce da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabbobi. Ta ƙi komawa gida. Da ta farfaɗo sai ta juya ga rayuwar sojan da ya warke. Hafsoshi sun ɗauka ƙaramin soja ba ya da abin yi da albashinsa sai giya. Ita kuwa ta buɗe ɗakunan karatu da azuzuwa da gidan shan gahawa, ta kuma shirya hanyar aika kuɗi gida, cikin wata shida sojoji suka aika wa iyalansu fam 71,000.

Sebastopol ta faɗi a watan Satumba na 1855, aka sa hannu kan sulhu a Faris ran 30 ga Maris, 1856. Sarkin Musulmi Abdulmajid ya ba ta kyautar munduwa mai lu'ulu'u. Ba ta bar Scutari ba sai da majinyaci na ƙarshe ya tafi. Ta ƙi jirgin yaƙin da aka yi mata tayi, ta yi tafiya da sunan aro, ta iso Lea Hurst a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa a watan Agusta, ta kauce wa duk bukukuwan da aka shirya mata.

Gaskiyar da lissafi ya fito da ita

Ingila ta rasa sojoji fiye da 20,000 a wannan yaƙi, fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa cuta ce ta kashe su. Florence ta ƙudura cewa ba za a binne wannan magana ba. A watan Satumba na 1856 ta gana da Sarauniya Biktoriya a Balmoral, ta yi ta matsa wa Ministan Yaƙi, Lord Panmure, har aka kafa Hukumar Binciken Lafiyar Soja a 1857, Sidney Herbert yana shugabanta. Da yake mace ce ba a sa ta cikin hukumar ba, amma ita ta tsara mata hujjoji, ta kuma rubuta rahoto mai shafi fiye da 800 wanda ta buga da kuɗinta a 1858.

A wannan aiki ta haɗa kai da Dokta William Farr, gwanin ƙididdigar haihuwa da mutuwa. Tana Scutari ta fi ɗora laifin mace-macen a kan yunwa da gajiya da makarar kawo majinyata. Da aka jera alƙaluma asibiti-asibiti, wata-wata, sai ta ga cewa asibitin da ita take ciki yana daga cikin mafi kisa, kuma ƙazantar ginin ce sanadi. Wata da sunanta ya kai inda nata ya kai da sai ta rufe wannan shafi. Ita kuwa ta mai da shi ginshiƙin hujjarta, ta nuna wa hukuma cewa rundunar ta yi gwaji da rayukan mutanenta ba da niyya ba: ga adadin matattu kafin a yashe magudanai, ga adadinsu bayan an yashe.

Ba ta tsaya a yaƙi ba. Ta nuna cewa ko a lokacin zaman lafiya, sojan da ke bariki a Ingila, wanda likita ya tantance lafiyarsa kafin a ɗauke shi, yana mutuwa kusan ninki biyu na tsaransa farar hula. Da ta lura manyan mutane ba sa karanta jadawalin lambobi, sai ta zana su a da'ira mai yanka goma sha biyu, kowane yanki wata guda, shuɗi na mutuwar cuta, ja na mutuwar rauni, ta yadda mai kallo zai ga shuɗin ya rinjayi jan da kallo ɗaya. A 1858 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta farko. Sakamakon binciken aka gyara barikoki, aka kafa sashen ƙididdiga na likitocin soja, aka kuma buɗe Makarantar Likitocin Soja a Chatham a 1860.

Akwai abin lura a nan. A lokacin ita da yawancin likitoci sun yi imani cewa wari da gurɓatacciyar iska ne ke haddasa cuta, domin ba a riga an tabbatar da aikin ƙwayoyin cuta ba. Bayanin nasu bai cika daidai ba, amma matakan da suka ɗauka, watau ruwa mai tsabta da kawar da bayan gida da rage cunkoso da wanke hannu, su ne ainihin abin da ke katse yaɗuwar ƙwayoyin. A ƙarshen rayuwarta ta karɓi sabon ilmin.

Shekara hamsin a ɗaka

Daga 1857 ciwon da ta kwaso a Kirimiya ya riƙa kwantar da ita, ta yi yawancin sauran rayuwarta a ɗaki, amma alƙalaminta bai huta ba. Da kuɗin da jama'a suka tara don girmama ta, fam 44,000 da ɗoriya, aka buɗe makarantar horar da masu jinya a Asibitin St Thomas na Landan a watan Yuli na 1860 da ɗalibai 15. Tsarinta shi ne a koyi aiki a gefen gadon majinyaci, a riƙa rubuta rahoton halin kowace ɗaliba, kuma mace ƙwararriya ce za ta shugabanci masu jinya. Ɗalibanta suka bazu suka kafa irin wannan makaranta a ƙasashe da dama. Littattafanta kan jinya da kan ginin asibiti sun sa aka riƙa gina dogayen ɗakunan majinyata masu tagogi a kowane gefe. Rundunar Ingila kuma ta kafa sashen mata masu jinya na dindindin a 1881.

Ko da yake ba ta taɓa taka Indiya ba, ta yi shekaru tana aiki kan lafiyar sojojin Ingila da ke can. Hukumar da ta sa aka kafa ta ba da rahoto a 1863 cewa soja 69 cikin 1,000 ke mutuwa a shekara, bayan shekara goma na gyara adadin ya sauko zuwa 18. Ta fara wannan aiki ne a matsayin mai hidima ga daular da ke mulkin mallaka, amma a hankali hankalinta ya koma kan ruwan sha da yunwa da bashin da ke kan manoman Indiya, ta riƙa sukar jami'an mulkin a kan sakacinsu.

A 1883 Sarauniya Biktoriya ta ba ta lambar girma ta masu jinyar soja, a 1907 kuma ta zama mace ta farko da aka ba lambar Order of Merit. A lokacin idonta ya riga ya tafi. Ta rasu cikin barci ran 13 ga Agusta, 1910, a gidanta da ke Landan, tana da shekara 90. Bisa ga wasiyyarta danginta suka ƙi tayin binne ta a Westminster tare da sarakuna. Saje shida na soja suka ɗauki akwatin gawarta zuwa maƙabartar cocin ƙauyen East Wellow, kusa da Embley, inda aka rubuta haruffan farko na sunanta da lokacin haihuwa da na rasuwa kawai.

Gadonta ya iso Nijeriya ta hannun waɗanda suka bi sawunta. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Ikko, ta shiga makarantar St Thomas a 1946, ta dawo gida ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci masu jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1964, daga baya ta zama Babbar Jami'ar Jinya ta Tarayya. A 1973 ta sami Lambar Florence Nightingale, wadda Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta ƙirƙiro a 1912 don karrama fitattun masu jinya.

Ɗalibi da ma'aikacin Gwamnati kowa yana da rabonsa a wannan tarihi. Jami'an da suka bar riguna a ɗaure a Scutari ba mugaye ba ne, mutane ne masu bin ƙa'ida waɗanda suka manta dalilin da ya sa aka kafa ta, kuma kowannensu yana da takardar da za ta wanke shi. Florence Nightingale ta fi su riƙon takarda, domin ba ta fitar da ko cokali ba a rubuta ba, sai dai ita ta riƙa tambayar littafinta mutum nawa suka rayu, nawa suka mutu, kuma me ya kashe su. Da amsar ta nuna gazawar asibitin da ya ɗaukaka sunanta, ta kai ta gaban hukuma da hannunta, aka gyara barikoki da asibitocin da dubban sojoji suka kwana a ciki bayanta.